Amsa ga Malamar da ke bincike kan yadda malamai ke ɗaukar yara masu rauni

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki. Kin ce kin raba wa malaman firamare takardar tambayoyi kan yadda suke ɗaukar yaran da ke baya a karatu, kusan kowa ya cike cewa yana haƙuri da su, yana jawo su a jiki, kuma malamin da ke duba kundin digirinki ya ce wannan sakamakon bai nuna komai ba. Kina tambaya ko ki sake rubuta tambayoyin. Na daɗe ina riƙe alli a firamare, daga baya na koma bin ɗaliban NCE makarantu lokacin gwajin koyarwa, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Ko kin sake tambayoyin, amsar da za ki samu ke nan. Ba wai ƙarya malaman suka yi miki ba. Babu malamin da za a tambaya ko yana tausayin yaro mai rauni ya ce a'a, kuma mafi yawansu har ga Allah haka suke ji a ransu. Ga kuma tsoro. Tun bayan jarrabawar da aka yi wa malaman firamare a Kaduna a 2017, wadda sama da 21,000 suka faɗi aka kuma sallame su, duk takardar da ta shigo makaranta daga waje ana yi mata kallon tarko ne, ko a wace jiha. Abin da kike nema yana cikin aji. Sai kin je kin zauna.

In kin zauna a bencin baya, abu na farko da za ki lura da shi shi ne inda tambayar malami take sauka. A ajin da ke da yara tamanin ko fiye, darasin yakan gudana ne tsakanin malami da yara biyar ko shida na gaba. Sauran aikinsu amshi. Malami ya ce "Kun gane?" aji ya ɗauka gaba ɗaya "E, mun gane!" a wuce. Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar aji biyar, littafinta tsaf, rubutu kamar na inji, ta kwafe duk abin da ke allo har da kwanan wata. Na ɗora yatsa kan kalmar "gida" a cikin rubutun nata na ce ta karanta. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Zana haruffa take yi shekara da shekaru. Malaminta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata bulala ba, da kin ba shi takardarki da ya cike ta da zuciya ɗaya. Bai dai san ba ta iya karatu ba, domin bai taɓa sa ta karanta ita kaɗai ba.

Abu na biyu shi ne jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin azuzuwa masu yawa, a farkon shekarun 1970 ta bayyana cewa malami kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne bayan ya yi tambaya kafin ya maimaita, ko ya koma kan wani yaro, ko ya ba da amsar da kansa. Abin da ya fi taɓa ni a aikinta shi ne, yaran da malami ke ganin masu ƙoƙari ne yakan jira su kusan ninki biyu na waɗanda yake ganin ba sa ja. Wato wanda ya fi bukatar lokacin tunani shi ake fi yanke wa hanzari. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba a saba jin muryarsu ba suka fara magana, malaman kansu suka soma sauya ra'ayi kan wasu yaran. Wannan abu ne da za ki iya aunawa da agogon wayarki.

Na san za a ce ki kawo binciken Rosenthal da Jacobson na 1968, inda aka gaya wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara za su yi fice, alhali da ka aka zaɓo sunayen. Ki kawo shi, amma kada ki ɗora masa nauyin da ba zai ɗauka ba. A ƙananan azuzuwa aka fi ganin tasirin, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna yana raguwa sosai idan malami ya riga ya san yaran.

Wanda nake so ki karanta da natsuwa shi ne aikin ƙungiyar Pratham ta Indiya tare da masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. Tsarin mai sauƙi ne: a gwada kowane yaro shi kaɗai da baki, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko gajeren sakin layi, ko labari, sannan a haɗa yara bisa inda suka tsaya, ba bisa ajinsu ba. A jihar Bihar malaman gwamnati sun yi wannan a darussan hutu, yara suka ci gaba. Da aka ba malamai horo da kayan aiki aka ce su yi a cikin zangon karatu, sai suka koma bin manhaja, ba a ga wani sauyin kirki ba. Sai a Haryana, da aka ware sa'a guda a jadawali, jami'an sa ido suna zagayawa suna taimakawa, aikin ya kama. Malamin bai sauya zuciya tsakanin hutu da zango ba. Abin da ake tuhumarsa a kai ne ya sauya. Mu ma nan, in jami'i ya zo, rajista da takardar shirin darasi yake dubawa, da ko an kai inda manhaja ta ce. Ban taɓa ganin wanda ya ce a kira masa yaran bencin baya su karanta ba. To don me za mu yi mamaki in malami ya bar su? An gwada wannan tsarin a Kano ƙarƙashin KaLMA, shirin bunƙasa karatu da lissafi a firamare, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, kina iya neman rahotanninsa.

Da ni ne, makarantu kaɗan zan ɗauka. Ki nemi izini daga sakataren ilimi da hedimasta, ki gaya wa malami a fili cewa ke ba sufeto ba ce kuma sunansa ba zai shiga kundinki ba, ki cika alkawarin. Kafin darasi ki roƙe shi a keɓe ya nuna miki yara biyar da yake ganin sun fi ƙoƙari da biyar da suka fi rauni. Ki zana taswirar ajin a takarda, duk wanda aka tambaya ki sa masa alama, ki rubuta daƙiƙun da aka jira shi da abin da malami ya ce bayan amsar. Zuwan farko kada ki ƙirga shi, ranar kowa ado yake yi. Daga baya ki gwada yaran nan goma da karatun Hausa, ɗaya bayan ɗaya, nesa da idon 'yan ajin don kada a kunyata kowa. Sannan ki zauna da malamin ki saurare shi. Zai gaya miki maganar albashi, da yawan yara, da waɗanda talla ko damina ke ɗauke wa makonni. Ki rubuta, duk yana cikin amsar.

Takardun da kika riga kika tara kada ki zubar. Ki ajiye su gefe guda da abin da idonki ya gani, malami da malami, ki nuna inda suka dace da inda suka saɓa. In mai duba aikinki ya dage sai ya ga alƙaluma, alamomin taswira da daƙiƙun jira da matakin karatun yaran duk alƙaluma ne, suna shiga jadawali. Ki fara nuna masa taswirar aji guda kafin ki nemi sauya babi na uku na kundinki, wato na hanyar bincike. Allah ya ba da sa'a.