Tambaya da Amsa: Hoton Birnin Cincinnati na Shekarar 1848

Tambaya: Na ga wani dogon hoto na birnin Cincinnati da ke Amurka, wanda aka ce an ɗauka tun 1848. Ta yaya hoto mai tsufa haka ya fito tangaram, kuma me ya sa mutane ba su da yawa a cikinsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Charles Fontayne da William Porter ne suka ɗauki wannan hoto ranar Lahadi 24 ga Satumba, 1848, daga garin Newport da ke tsallaken Kogin Ohio. Farantan ƙarfe 8 masu ɗauke da hoton ne aka jera, waɗanda suka kama kimanin mil 2 na bakin kogin da jiragen ruwa masu aiki da tururi kusan 60. A ganina ba don ƙawa suka fuskanci kogin ba, domin ta nan arzikin garin yake shiga da fita, musamman naman alade da ake gyarawa a masana'antunsa, kuma a ƙidayar 1850 shi ne birni na 6 a yawan jama'a a Amurka, da mutum fiye da 115,000.

Dabarar da suka bi ita ce wadda Louis Daguerre ya fito da ita a Faransa a 1839. Ana shafe farantin tagulla da azurfa, a goge shi har ya yi ƙyalli, a turara shi da aidin, a sa a kyamara, sannan tururin zaiba ya fito da surar. Ƙwayoyin da ke riƙe surar ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa da aka kai farantan gidan tarihin hotuna na George Eastman House a 2006 domin gyara, aka duba su da madubin ƙara girma, sai ga sunayen shaguna ana karantawa, har da agogon wata hasumiya da ke nuna ƙarfe 1:55 na rana.

Batun ƙarancin mutane kuwa, farantin yana bukatar daƙiƙoƙi a buɗe kafin ya kama haske, saboda haka mai tafiya yakan ɓace ko ya bar inuwa, sai wanda ya tsaya cik. Ga shi kuma ranar hutu ce. Irin wannan hoto ba a wanke wani daga jikinsa, don haka farantan asali su kaɗai ne, suna ajiye a ɗakin karatu na jama'a na Cincinnati.