Ƙafafun Raspberry Pi 5 Sun Ƙi Amsawa, Ko Ya Ƙone Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, aikina na kammala karatu na'ura ce da za ta riƙa kunna famfo idan ruwan tanki ya yi ƙasa. Na ɗora kod ɗin da abokina ya yi aiki da shi a Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar nan mai faɗin tafin hannu, a kan Pi 5 nawa, amma ko ƙwan LED ya ƙi kamawa. Ko bod ɗin ya ƙone ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce ƙonewa ya yi. Ina kyautata zaton da RPi.GPIO, wato manhajar da ake sarrafa ƙafafun bod (GPIO) da ita, abokin naka ya rubuta kod ɗin. To, Pi 5 da ya fito a 2023 ya zo da wani guntu daban mai suna RP1, shi ke riƙe da ragamar ƙafafun nan 40 da ake jona wayoyi a kansu, ita kuwa tsohuwar RPi.GPIO ba ta san hanyar gidansa ba. Ko dai ka koma wata manhajar mai suna gpiozero, ko ka cire RPi.GPIO ka saka rpi-lgpio a madadinta, kod ɗin ya tashi kusan yadda yake. Ni gpiozero zan zaɓa maka.

Kafin nan, fara tabbatar da cewa bod ɗin na ganin ƙafafunsa. Buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install gpiod, sannan gpiodetect. In ka ga layi mai pinctrl-rp1, lafiya lau yake. Ka lura da lambar da ke gabansa: da farko gpiochip4 ne a Pi 5, daga baya aka mayar da shi gpiochip0, don haka kada ka kwafi lambar daga tsohon darasin intanet ido rufe. Haka ma duk darasin da ya tura ka tsohuwar hanyar /sys/class/gpio, bar shi, tun 2016 Linux ya kawo sabuwar hanya.

Sai kuma inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, wato ƙirga. GPIO17 ba ƙafa ta 17 ba ce, ƙafa ta 11 ce. Ta 17 ɗin ma wutar bolt 3.3 ce zalla. Rubuta pinout, taswirar za ta fito maka, ka bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Doguwar ƙafar LED ta nufi GPIO17 ta cikin resisto mai om 330, gajeriyar ta tafi GND, wato negatif, a ƙafa ta 6.

Tun da tanki ka ambata, wataƙila HC-SR04, wato ma'aunin nisa mai aiki da sauti, za ka auna ruwan da shi. Yi hattara, ƙafarsa ta Echo bolt 5 take fitarwa, Pi kuwa 3.3 kaɗai yake ɗauka. Nan ne ake ƙona bod da gaske. Sa resisto biyu, mai om 1,000 da mai om 2,000, su rage ƙarfin. Ba su da tsada a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari. Famfon kuma ta rile (relay), wato makunnin da Pi zai iya sarrafawa, za ka kunna shi, da wutarsa daban.