Tarwaɗar Ado Sabuwar Zuwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga Kaduna: Na sayi koridoras (wata ƙaramar tarwaɗar ado) guda shida da aka shigo da su ta Legas. Na juye su da ruwan ledarsu a sabon tankin gilashi, cikin kwana uku huɗu sun mutu. Me ya faru?

Malam, ruwan ledar nan ne ya fara illata su, sabon tankin ya ƙarasa. Wannan kuskure ya yi yawa a wasiƙunku, don haka bari mu tsaya a kansa.

Kifin da ya kwana biyu a ƙulle cikin leda yana zuba amoniya, wani datti mai dafi da jikinsa ke fitarwa, a ruwan. Numfashinsa kuma yana tara iskar kabon, ruwan ya yi tsami, tsamin ne ke danne dafin amoniyar. Kana kwance ledar iskar za ta fice, tsamin ya ragu, dafin ya tashi. Ga shi koridoras in ya firgita yakan saki nasa dafin a ruwan. To, ka ɗora ledar a rufe a saman ruwan tankin minti 20 don zafinsu ya zo ɗaya. Sannan ka juye a roba, ka kwashe kifin da ƙaramin kofi, ka zubar da ruwan ledar a waje. Kada ka sa raga, ƙayar da ke bayansa da gefensa tana maƙalewa a ciki. Kashe fitila, ka bar shi ba abinci sai daren gobe.

Shi kuwa tanki, ba ranar da ka cika shi yake zama gidan kifi ba. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kama soson matatar ruwan tankin. In gaggawa ta kama ka, roƙi tsohon soso daga tankin da ya daɗe lafiya. Kuma kada ka wanke soso a bakin famfo, kulorin zai kashe su. Matse shi a ruwan da ka ɗebo daga tankin. Ruwan burtsatse ba shi da isasshiyar iska, a sa masa injin kumfa ya kwana. Makon farko ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu, zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Daren hunturu ruwa na sanyi ƙwarai, ka duba ma'auni da asuba.

Daga Kano: Fararen ɗige-ɗige kamar gishiri sun fito wa kifina. Na zuba magani kala uku.

Haba Hajiya, uku a ruwa ɗaya? Kuɗi kika zubar, kuma kifin ne zai sha wuya. Dangin tarwaɗa ba su da ɓawo irin na karfasa, maganin da ke ɗauke da tagulla ko malakayit girin (wani koren sinadari) yana saurin galabaitar da su. Canza rabin ruwan yau. Gobe ki zaɓi magani ɗaya ki fara da rabin ma'aunin da ke jikin kwalbar, ki ɗaga zafi a hankali zuwa 28, ki ƙara kumfa. Ki ci gaba kwana uku bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, don ƙwayar cutar tana ɓuya a ƙasan tanki. Nan gaba duk sabon kifi ya yi mako huɗu a tankinsa shi kaɗai kafin ya shiga cikin tsofaffi.

Daga Zinder: Koridoras ɗina kan ruga sama ya kurɓi iska ya dawo.

Ɗabi'arsa ce, yana numfashi ta hanji. Sai in ya yawaita ne za ka san iskar ruwan ta yi ƙaranci.

Daga Jos: Otosinkulus ɗina (ƙananan tarwaɗa masu manne wa gilashi) sun ƙi abinci.

Dubi cikinsu lokacin da suka manne a gilashi. Lafiyayye cikinsa a cike yake kamar ƙwayar wake, wanda ya sha yunwar hanya cikinsa a lotse. Yawancinsu daga kogunan Kudancin Amurka ake kamo su, gansakuka suka sani. Sa duwatsu a bokitin ruwa a rana su yi kore, ka riƙa jefa musu ɗaya bayan ɗaya. Ƙara da yankan kokwamba da ka tsoma a tafasasshen ruwa, ka cire saura bayan kwana ɗaya.

Daga Zariya: Gashin bakin kifina ya ƙare.

Tsakuwa mai kaifi ce da datti a ƙasa. Koma wa lallausan yashi wankakke, ka riƙa zuƙe ƙasan da tiyo kowane mako.

Daga Sakkwato: Zan iya sa ɗan ƙurungun da na samu wajen masunta tare da tarwaɗar adona?

A'a, ɗan'uwa. Zai girma ya fi ƙarfinsu, ya hana su sakat da dare, ga cutar kogi da zai iya shigowa da ita. Ba shi nasa tankin, da guntun bututu da zai ɓuya a ciki.