Da gaske ne gudun mota ya raba 'yar majalisar Birtaniya da kujerarta?

Tambaya: Na ji ana cewa an taɓa yi wa wata lauya 'yar asalin Najeriya kiranye daga majalisar dokokin Birtaniya saboda ta yi gudu da mota. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, labarin Fiona Onasanya ka ji, amma an gutsure maka shi. Abin da ya kayar da ita ƙarya ce da ta yi wa hukuma bayan gudun.

An haife ta a Cambridge a 1983, iyayenta 'yan Najeriya ne. Lauya ce, ta yi kansila, sannan a zaɓen Yunin 2017 ta ƙwace kujerar Peterborough wa jam'iyyar Labour da ratar ƙuri'a 607 kacal. Wata guda bayan haka kyamara ta kama motarta tana gudun mil 41 a inda doka ta ƙayyade 30. Laifi ne da ake biyan tara a wuce. Sai aka cike takarda da sunan wani mutum daban a matsayin direba, bincike kuma ya nuna yana Rasha a ranar. Wannan ya fi ba ni takaici, domin ta fi kowa sanin nauyin takardar da ake miƙa wa hukuma.

A Disambar 2018 kotun Old Bailey ta same ta da laifin karkatar da shari'a, Labour ta kore ta, a Janairu aka yanke mata wata uku. Ta yi kusan wata guda a gidan yari, ta fito ta koma zauren majalisa da na'urar sa ido a ƙafarta.

Za ka ce, me ya sa ba ta sauka nan take ba? A can, sai ɗaurin ya haura shekara guda kujera ke faɗuwa da kanta. Idan bai kai haka ba, dokar kiranye ta 2015 ta miƙa hukunci ga mutanen mazaɓa: a buɗe rajista mako shida, kashi 10 cikin ɗari su sa hannu. A Najeriya sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, shi ya sa kiranyenmu ke mutuwa a hanya. A Peterborough mutum 19,261 suka sa, sama da kashi 27. Ranar 1 ga Mayun 2019 ta zama ta farko da dokar ta tsige, kuma a Agusta aka soke lasisinta na lauya.