Tambayi Muhandis: Shafi yana buɗewa a waya, ya ƙi buɗewa a ofis

TAMBAYA

Assalamu alaikum Muhandis, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne nake kula da kwamfutoci a wani ofishin hidimar masu Umara a Misfala, nan Makka. Ba karatun abin na yi ba, a hannu na koya, amma komai ya lalace ni ake kira. Watan jiya maigida ya sauya kamfanin da ke ba mu intanet, ya koma wani ƙarami mai rahusa. Komai na tafiya lafiya, har ya fi na da sauri, sai shafi ɗaya tak, na abokan hulɗarmu na Kano, inda muke ɗauko sunayen baƙi da lambobin fasfo ɗinsu. A kwamfutar ofis sai ya yi ta juyawa har ya gaji. In na kunna datar wayata kuwa, nan take ya buɗe. Na kira kamfaninmu sun ce daga Najeriya ne. Na kira Kano sun ce kowa na shiga, daga wajenmu ne. Adireshinmu na waje da 185 ya fara, ko hakan zai yi amfani. Ga azumi ya matso, aiki zai yi yawa. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Mai karatu daga Misfala, Makka

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Mai yiwuwa dukansu gaskiya suka gaya maka, kowa iya abin da yake hangowa daga kujerarsa. Kuma ka kyauta da ka haɗo lambar nan ta 185, wato farkon adireshin IP ɗinku, lambar da ake gane ofishinku da ita a intanet, za mu dawo kanta.

Abin da za ka fara sani shi ne, tsakanin Misfala da Kano ba kamfani biyu ba ne kawai. Saƙonka in ya bar ofis, yawanci Jidda yake zuwa, ya shiga kebul na ƙarƙashin Bahar Maliya, ya ratsa Masar, ya fito Marsel a Faransa, wani lokaci har Landan, sannan ya gangaro ta gaɓar Afirka ta Yamma ya sauka Legas. Hannu biyar ko shida yake bi, kuma wanda ya ɗauki wayarka a sashen kula da abokan ciniki hannun farko kawai ya sani. Wannan ma in shafin a Najeriya yake zaune ke nan. Da yawan shafukan da muke ce wa na Kano, kwamfutar da ke ɗauke da su tana Ingila ko Amurka, masu shi ma ba su taɓa ganinta ba.

To yaya waɗannan hannuwan suke sanin inda za su miƙa saƙo? Kowane kamfani mai netwok nasa na kansa yana da lambar shaida, kuma irinsu sun haura 70,000 a duniya. Kowa yana sanar da maƙwabtansa cewa adireshi kaza zuwa kaza a wurina suke, ko kuma ta wurina ake bi a kai gare su. Maƙwabci ya ji ya gaya wa nasa maƙwabcin, har magana ta zaga duniya cikin mintoci. Tsarin wannan sanarwa shi ake kira BGP. Ka san yadda direbobi suke tsayawa a Bab Makka a Jidda suna kiran "Makka! Makka!", ka shiga motar mutum a kan maganar bakinsa, ba wanda ya ce ya nuna takardar da ta tabbatar can ɗin zai je? Haka BGP yake tun asali. A 1989 injiniyoyi biyu, ɗaya na Cisco ɗaya na IBM, suka zana shi a kan takardun goge baki a wajen wani taro a Amurka. Lokacin masu netwok 'yan kaɗan ne, kusan duk sun san juna, ba wanda ya kawo wa ransa cewa wani zai sanar da abin da ba nasa ba.

Akwai kuma wata doka da rauta, wato na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya, take bi: in mutum biyu suka sanar da wuri ɗaya, wanda sanarwarsa ta fi ƙanƙanta, wato ta fi nuna takamaiman wuri, shi ake bi. Wannan dokar ce ta ja abin da ya faru ranar 24 ga Fabrairu 2008. Gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarta. YouTube yana sanar da wani rukuni mai adireshi 1,024, sai Pakistan Telecom ya sanar da 256 daga cikinsu a matsayin nasa, da niyyar 'yan ƙasar in sun nemi shafin su faɗa inda ba kowa. Sanarwar ta cikin gida ce, amma ta sulale ta kai ga PCCW na Hong Kong, dillalinsu, wato babban kamfanin da ke haɗa su da sauran duniya, shi kuma bai tace ba, ya watsa wa duniya. Kusan awa biyu masu neman YouTube daga ƙasashe da dama suna ƙarewa a Pakistan.

Na kusa da gida ma an yi. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin intanet na MainOne da ke Legas, wanda yake musayar zirga-zirga da Google a cibiyar haɗuwar netwok ta Legas, ya yi kuskuren saiti, hanyoyin Google suka fita zuwa China Telecom, daga nan zuwa wani kamfanin Rasha. Sama da awa ɗaya ayyukan Google suna tangal-tangal a wurare da yawa. Kamfanin ya fito ya ce kuskure ne aka yi wajen gyaran netwok. Ni a wurina laifin ba na wanda ya yi kuskuren ba ne shi kaɗai. Hannu yana kuskure, duk wanda ya yi aikin dare a gaban rauta ya san haka. Babban dillalin da ya karɓi maganar bai duba ba, ya ɗora wa duniya, nasa kason ya fi girma.

Shi ya sa ake tacewa, kuma duk kamfanin da ya san aikinsa yana yi. Yana duba rajista ya ga ko wannan abokin cinikin yana da hurumin sanar da adireshin da yake sanarwa. Hukumomin rajistar biyar ne a duniya. Mu nan Saudiyya muna ƙarƙashin RIPE NCC da ke Amsterdam, Najeriya da Nijar da Sudan kuma AFRINIC da ke Morishus. Yanzu an ƙara wani tsari mai suna RPKI, inda mai adireshi yake sa hannu a hukumarsa cewa lamba kaza ce kaɗai na yarje wa ta sanar da adireshina. Tun wajajen 2019 manya irin su AT&T na Amurka suka fara watsar da duk sanarwar da ta saɓa wa wannan sa hannun. Ana kuma ƙin karɓar rukunin da bai kai adireshi 256 ba, domin jerin hanyoyin duniya ya riga ya kai kusan miliyan ɗaya, rauta kuma ba ta da cikin da zai ɗauki kowane ɗan gutsure. Akwai ma wata tacewar da aka ba da shawararta tun shekarar 2000, cewa kada kamfani ya bar saƙo ya fita daga netwok ɗinsa da adireshin bogi a matsayin mai aikowa, don da irinsa ake kai harin da ke durƙusar da shafuka. Har yau ba kowa ke yi ba, saboda amfaninta maƙwabci yake ci, ba mai yin ba.

Yanzu mu dawo kan 185 ɗinka.

Adireshin IP na tsohon tsari duka-duka biliyan 4.3 ne. Da can ana raba su a hankali, wani kaso an bayar, wani yana ajiye. Masu kula da tsaro sai suka riƙa rubuta jerin waɗanda ba a bai wa kowa ba tukuna, suna saka shi a katangar tsaronsu, wato tsarin da ke tace abin da zai shigo netwok ɗinsu, tunda duk saƙon da ya zo da irin wannan adireshin dole na bogi ne. Dabara ce mai kyau a lokacinta. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 aka raba kaso biyar na ƙarshe da suka rage, kowace hukuma ta samu ɗaya. AFRINIC ta samu masu farawa da 102, RIPE NCC ta samu masu farawa da 185, ta kuma fara rabawa daga ciki a Satumba 2012. Ka ga ke nan duk jerin da aka rubuta kafin 2011 yana kallon adireshinka a matsayin na bogi. Za ka ce ai an daɗe. Haka ne, amma na sha buɗe saitin na'ura in tarar da jerin da wani ya kwafo daga tsohuwar na'ura, ita ma an kwafo mata daga wadda ta gabace ta, wanda ya fara rubutawa ya bar aikin tuntuni, kowa kuma yana tsoron taɓawa. Ko kamfanin Cloudflare da girmansa, da ya buɗe wata hidima a kan adireshin 1.1.1.1 a Afrilu 2018 sai ya tarar wurare da yawa ba sa iya kai wa gare shi, domin mutane sun daɗe suna amfani da lambar a cikin gida kamar ba ta da mai ita.

Akwai wani abin zargi da ya fi wannan yawa a 'yan shekarun nan. RIPE NCC ta raba na ƙarshe da ke hannunta a Nuwamba 2019, saboda haka ƙaramin kamfani irin naku sau da yawa saya yake yi ko ya yi haya daga wani a wata ƙasa, da dubban daloli a kan rukuni ɗaya mai 256. Adireshin yana zuwa da tarihinsa. Kundin da ke faɗin ƙasar da kowane adireshi yake yana iya ci gaba da nuna Romaniya ko Yukren alhali kana zaune a Misfala. In mutanen Kano sun saita katangarsu ta bar Najeriya da Saudiyya kawai, an rufe maka ƙofa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ko kuma tsohon mai shi ya yi ta aika saƙonnin damfara da shi har aka saka shi a jerin waɗanda aka haramta.

Ga yadda nake auna abin. Da a ce rajistar kamfaninku ce ba daidai ba, ko sa hannunsu na RPKI ya saɓa, da ba shafi ɗaya zai ƙi ba, da kun wayi gari shafuka da yawa sun ɓace muku. Tunda ɗaya ne tak, zargina ya fi karkata ga ƙarshen hanya, wato katangar da ke gaban shafin Kano ko ta kamfanin da ke ajiye musu shi. "Kowa na shiga" da suka ce maka gaskiya ne, sai dai kowa ɗin nan da layin manyan kamfanoni yake zuwa, kamar yadda wayarka take yi.

Kada ka sake kiran kowa hannu rabbana. A kwamfutar ofis buɗe baƙin allon nan na cmd, ka rubuta tracert, ka ba da tazara, ka rubuta sunan shafin. Layuka za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya: na farko rautar ofis ce, irin 192.168.1.1, sai na kamfaninku, sai ka fara ganin sunaye masu ɗauke da jed ko mrs ko lon, wato Jidda da Marsel da Landan. In an kai wani wuri sai taurari uku-uku suke ta fitowa har ƙasa, lura da layin ƙarshe da ya amsa. Tauraro a tsakiya ba komai ba ne, wasu rautoci ba sa amsa irin wannan gaisuwar. Ɗauki hoton allon. Sannan ka haɗa kwamfutar da datar wayarka ka maimaita, ka ajiye biyun gefe da gefe. In na ofis ya mutu tun a Jidda ko Marsel, maganar ta kamfaninku ce da dillalinsu. In ya bi hanya har kusa da inda na waya ya ƙare sannan ya tsaya, Kano za ka kira.

Ka kuma shiga RIPEstat, shafin binciken adireshi na RIPE NCC, kyauta ne, ka saka cikakken adireshinku. Zai nuna maka sunan wanda aka yi wa rajista, ƙasar da aka rubuta, da ko sa hannun ya yi daidai. In ka kira Kano, ka ce a haɗa ka da mai kula da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba mai karɓar fasfo ba. Ba shi adireshin duka, da ranar da lokacin da ka gwada, ka roƙe shi ya duba rikodin katangarsa. Aikin minti biyar ne in ya ga dama. Kafin nan ka keɓe kwamfuta ɗaya da datar waya don wannan shafin kawai. VPN na kyauta kuwa ka bar shi, fasfo ɗin bayin Allah ne kake ɗauka, ba ka san ta hannun wa zai bi ba.

TAMBAYA

Muhandis, barka da aiki. Wani lokaci in na buɗe shafi sai wata sanarwa ta fito da Larabci da Turanci cewa an hana shiga. Shi ne tacewar da kuke magana a kai?

Wata mai karatu daga Madina

AMSA

A'a Hajiya, wannan daban ne. Wanda kike gani hukuma ce ta yanke hukunci a kan abin da ke cikin shafin. Tun da aka buɗe intanet ga jama'a a nan ƙasar a 1999 ake yin sa, da farko ta hannun cibiyar kimiyya ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, daga 2006 kuma ya koma hannun hukumar sadarwa. Tacewar da na yi wa ƙanena na Misfala bayani ba ruwanta da abin da aka rubuta a shafi, lambobi kawai take dubawa, kuma ba ta fitar da sanarwa, shafin ne zai yi ta juyawa har ya ce lokaci ya ƙare. In kina ganin an toshe wani shafi bisa kuskure, hukumar tana da wurin da ake cika buƙatar a sake duba shi.