Halin masu nutso, da wanda nake yarda ya sauka

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini. Ta farko, ka ga Turawa a waya suna nutsewa cikin teku da numfashi ɗaya, babu tukunyar iska a bayansu, kana son sanin wane irin mutum ne ke jin daɗin wannan abu. Ta biyu, me ya sa har yanzu nake barin ka cikin jirgi kana tsaron mai sauka, alhali duk cikin yarana babu wanda ya kai ka daɗewa a ƙarƙashin ruwa. To, amsar ta biyun tana cikin ta farko.

Da yawa daga cikin masu nutso a duniya neman abinci ne ya kai su, kamar mu. Kalli ya maƙale a kututture a tafkin Madarumfa, ko guga ya tsinke ya faɗa rijiya, ko gulbin Maraɗi ya kawo da damina ya tafi da kayan wani, sai a nemi mai sauka. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu mata ne ke wannan sana'a, suna tsinto abincin teku da hannu, cikinsu har da tsofaffi masu shekara 70 da ɗoriya. A 2016 UNESCO ta sa sana'arsu cikin al'adun da ake adanawa, shekarar da ta sa bikin kamun kifi na Argungu. Akwai kuma mutanen Bajau na tekun Indonesiya da Filifin, waɗanda wani bincike na 2018 ya gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi. Irin waɗannan ba ruwansu da ƙirga daƙiƙa. A sauka, a hau, a huta, a koma, har a gama aikin yini. Abin da ke cin su kwaɗayi ne: ƙirji ya ce a hau, hannu kuma ya kusa kwance kallin, sai mutum ya ce bari in ƙarasa. A wannan "bari in ƙarasa" ɗin zare ke naɗe ƙafa.

Akwai wanda shirun ruwa yake so. Za ka gane shi tun a tudu, ba ya yawan magana, ba ya gaggawar cire riga. Jiki ma yana taya shi, don Allah ya yi ɗan Adam da wata baiwa: da zarar fuska ta taɓa ruwan sanyi an riƙe numfashi, bugun zuciya ya ragu, jini ya janye daga hannu da ƙafa ya koma wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Mai natsuwa ba ya ƙona iskarsa a banza, shi ya sa yake daɗewa ba tare da ya yi kokawa da ruwa ba. Ina son irinsa, amma yana da aibi ɗaya babba, son fita shi kaɗai. Natalia Molchanova ta Rasha ta kafa tarihin duniya sama da sau 40 a nutso. A watan Agustan 2015, kusa da tsibirin Formentera na Sifen, ta sauka ba a gasa ba, ba ta ɗaure da igiya, kuma har yau ba a ga gawarta ba.

Sai mai gasa, wanda ido ke tura shi. Nan zan tsaya, don nan kake.

Na ga yadda kake yi kafin ka sauka: ka ja numfashi da sauri, ka fesar, ka ja, ka fesar, har yatsunka su fara tsami. Kana ganin cika huhu kake yi. Ba haka ba ne. Wutar nan da kake ji a ƙirji a ƙarƙashin ruwa, da harbawar da ciki ke yi, ba ƙarewar iskar oksijin ke kawo su ba. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa ce ke taruwa cikin jini, ita ke cewa ka hau. Idan ka yi ta fesarwa kafin ka sauka, ka kore ta, oksijin ɗinka kuwa ɗan abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Ka kori mai gadi kenan ka bar ƙofa buɗe. Oksijin yana ƙarewa, kai kuwa kana jin garau, har duhu ya rufe maka ido ba sallama. Wanda ya suma a ruwa ba ya ihu, ba ya fafutuka, sai dai ya yi lamo ya nutse. Kuma ba sai da zurfi ba, a ruwan da bai wuce ƙirji ba ma ana yi. Ga masu zurfi abin ya fi muni wajen hawa, don matsin ruwa na raguwa, ƙarfin oksijin cikin huhu na faɗuwa, shi ya sa sumar ta fi zuwa a mita goma na ƙarshe ko bayan kai ya fito.

Mai gasa ne kuma ke danne ciwon kunne don kada a ce ya kasa. A mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu, iskar huhu ta koma rabin girmanta, kunne kuwa tun mita biyu zuwa uku yake fara kuka. Maganinsa a toshe hanci a hura a hankali tun kafin zafin ya zo. In bai buɗe ba, ko kana mura, a hau. Na san masu nutso da yanzu sai an ɗaga musu murya, dodon kunne ya fashe saboda jikka biyu da aka sa a kan wa zai riga taɓa ƙasa.

Abin da wayarka ba ta nuna maka shi ne, manyan ƴan gasar nan sun fi kowa bin doka. A gasar AIDA, ƙungiyar masu nutso ta duniya, mutum yana faɗin zurfin da zai je tun kafin ranar, a saukar da igiya daidai nan, a ɗaure shi da ita, masu ceto su tare shi a hanyar hawa. In ya fito yana da daƙiƙa 15 ya cire abin fuska, ya yi alama da hannu, ya faɗa da bakinsa cewa lafiya yake. In ya suma, duk zurfin da ya je ya tashi a banza. Duk da wannan tsari, Herbert Nitsch na Ostiriya, wanda ya kai mita 214 a 2007, da ya je 253 a 2012 a tsibirin Santorini na Girka ya fito da ciwon da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, sai da ya sake koyon tafiya. Mu a tafki ba mu da likita a jirgi, abokin sauka kaɗai muke da shi.

Matsoraci ba ya ba ni wahala. Shi dai a tafi da shi sannu, kuma yakan zama gwani, don yana jin maganar jikinsa. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai ganin laya ko maganin ruwa ya ɗauke masa bin ƙa'ida. Mu ma da bismillah muke sauka, amma huhun mai laya da na marar laya iska ɗaya suke ɗauka.

Saboda haka zan bar ka ka sauka ranar da na ga ka daina wannan fesarwar, kana numfashi a hankali yadda ka saba, kuma kana fitowa da sauran ƙarfinka ko da yara na kallo. Kafin nan ka iya aikin da na ba ka, don ba ƙarami ba ne. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ba a sauka tare. In ya fito kada ka kawar da ido daga fuskarsa sai ya yi rabin minti yana numfashi sosai. In ka ga leɓensa ya canja launi, ko kansa na rawa, ko idonsa ya kafe, tallafe shi ka ɗaga hanci da baki sama da ruwa, ka hura masa iska a fuska, ka ɗan bubbuga kumatunsa, ka kira sunansa. In bai ja numfashi ba, toshe hancinsa ka hura masa a baki, a fitar da shi tudu. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, ranar ba ya sake shiga ruwa, kuma in ya shaƙi ruwa a kai shi likita.