Ga mai tambaya kan fulawar da ratsinta ya ɓace

Assalamu alaikum. Ƙanwata da ta yi tambaya daga Gusau, na ga saƙonki tun shekaranjiya, sai yau na samu sukunin zama. In na fahimce ki da kyau, abu biyu ne suka dame ki. Kin yanyanka ganyen modarki mai bakin rawaya kin dasa, kin yi wata huɗu kina jira, da 'ya'yan suka fito sai ga su kore shar, babu ko ɗigon rawaya. Sannan fulawarki mai yaɗo, wadda ganyenta ke da ratsin fari, ta fara fitar da kore zalla, rassan da kika tsoma a ruwa kuma rabinsu sun ruɓe. Har kina cewa ko mai fulawar ne ya cuce ki.

Bai cuce ki ba. Ni ma na taɓa komawa wurin wani mai fulawa a nan Birnin Kebbi da tukunya a hannu ina ta masa faɗa a kan wannan magana ta moda. Da na gane kuskuren nawa ne, kunya ta hana ni bin layinsa kusan shekara.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin ganyen, don in kin gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Koren ganye shi ne madafar shuka. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira kulorofil, da shi take haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Wurin da kika ga fari ko rawaya, wannan sinadarin babu shi ko kuma kaɗan ne, saboda haka cima-zaune ne, kwalliya kawai yake yi. A yawancin irin waɗannan fulawoyin, ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke zaune a jiki ɗaya, kamar kishiyoyi biyu a gida, ɗaya na girki ɗaya na gaban madubi. Mai girkin ta fi ƙarfi, ta fi saurin yaɗuwa, kuma da ta samu sarari za ta mamaye gidan.

To, ina suke zama tare? A ido. Duk wanda ya taɓa ganin ana dasa rake ko rogo ya san manomi ba ganye yake dubawa ba, gaɓa yake dubawa ya ga idon da ke jikinta, don daga nan toho zai fito. Haka nan ma. Ganyen da ya burge ki ya riga ya gama aikinsa, ba zai canza ba, kuma ba shi ne zai haifi na gaba ba. Idon da ke hammatarsa shi ne zai haihu. Mu kuwa mata sai mu zaɓi ganyen da ya fi kyau mu yanka, ba mu ko kalli karan ba.

Game da modarki. Moda ta nan ƙasar ce, asalinta Afirka ta Yamma zuwa Kwango, shi ya sa ba ta damu da zafinmu ba. Mai bakin rawayan nan ita masana ke kira Laurentii. In kika yanki ganyenta kika soka a yashi zai yi saiwa, zai kuma fitar da ɗa, amma ɗan daga naman tsakiyar ganyen yake tasowa, inda kore ne kawai, don haka rawayan ba ya biyo shi. Ko sau ɗari kika maimaita haka za ki samu. Hanyar da ke riƙe rawayan ita ce raba gindi. Ki jira uwar ta fitar da 'ya'ya daga ƙarƙashin ƙasa, su kai tsawon tafin hannu. Ki kife tukunyar, ki kakkaɓe ƙasar, za ki ga wata kakkaurar jijiya mai ruwan lemo ta haɗa uwa da ɗa. Ki yanke ta da wuƙa mai kaifi, ki tabbata ɗan ya tafi da 'yan saiwoyinsa. Ki ajiye shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sannan ki dasa, kuma kada ki yi gaggawar ba shi ruwa, ki bari ya yi kamar kwana uku. Moda ba ta mutuwa da ƙishi, ruwa ne ke kashe ta.

Ita kuma mai yaɗon, daga yadda kika kwatanta ta, fotos ce, wadda masu sayarwa ke ce wa shukar kuɗi da Turanci. Ita ana samun ratsinta daga reshe, amma sai kin zaɓa. Ki ɗaga reshen a haske ki dubi karan kansa, za ki ga shi ma yana da zirin fari da kore. Ki nemi gaɓar da zirin ya ratsa ta kan idon. In idon yana zaune a gefen da yake kore tsantsa, tohon zai fi karkata ga kore. In yana cikin fari fat, zai fito fari tas mai ɗaukar ido, ki yi ta murna, bayan 'yan makonni ya yi baƙi ya mutu don ba shi da abin ci. Ni nakan zaɓi reshen da ganyensa uku na ƙarshe duk suke da gauraye, kuma kore ya kai rabi ko ya ɗan fi. Wanda fari ya yi wa yawa yana jinkirin saiwa, kuma shi ne na farkon ruɓewa.

Yankan kuma da sabuwar reza, ƙasa da gaɓa da kamar faɗin yatsa. Gaɓa biyu sun isa: ta ƙasa ki cire ganyenta ita za ta shiga ruwa, ta sama ki bar mata ganyenta. Za ki ga wani ɗan baƙin tsiro kamar ƙurji a jikin gaɓar, saiwa ce ke jiran ruwa, kada ki kankare shi. Ganye da sandarsa kawai, babu gaɓa, ba zai taɓa zama shuka ba ko ya yi wata biyu yana kore a kwalba.

Ruɓewar da kika gani, ina kyautata zaton ɗaya daga cikin uku ne: ko ganye ya nutse a ruwan, ko ruwan ya daɗe ba a canza ba, ko zafi. Na ukun shi ne namu na Kebbi da Zamfara wanda masu bidiyon intanet ba su sani ba, don su a ƙasashen sanyi suke. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana wuce digiri 40, kwalbar da kika ajiye a bakin taga kafin la'asar ruwanta ya zama kamar na shayi, ya dafa gindin reshen. Ni na daina yanka komai a bazara. Ina bari sai damina ta zauna, Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin iska na da laima, abin da kika soka duk yana kamawa. In dole sai kin yi da zafi, ki ajiye kwalbar a ƙasa kusa da randa, ki riƙa canza ruwan bayan kwana biyu da ruwan randar. A cikin mako biyu zuwa uku za ki ga farar saiwa. Da ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ki mayar da ita ƙasa, kada ki bari ta cika kwalbar, don saiwar da ta saba da ruwa tana shan wuya in ta koma ƙasa a makare.

Ƙasar dasawa ma tana da nata. Kada ki ɗebo baƙar lakar fadama, tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta zama kamar bulo. Abin da nake haɗawa shi ne yashin gulbi mai tsakuwa-tsakuwa, da ƙasar lambu, da ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, sai ɗan dakakken gawayi. Ɓuntu kam mu nan ba ma sayensa, duk injin casar shinkafa za ki same shi tsibi. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba nesa ba kusa ba, tana numfashi, tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke yi wa ruwa. Bayan dasawa nakan kifa farar leda a kai mako ɗaya, in ɗan huda ta, in ajiye a inuwa. A inuwa fa. Leda a rana tukunyar dambu ce.

Yanzu maganar koren da ke fitowa a jikin uwar. Iri biyu ne, kuma sai kin bambance su kafin ki ɗauki reza. Akwai wanda duhu ne ya jawo shi: fulawar na falo, labule a sake, tana yunwar haske, sai sababbin ganyen su riƙa fitowa ƙanana, ratsin na dusashewa a hankali, tsakanin ganye da ganye na ƙara nisa. Wannan yana gyaruwa. Ki fito da ita baranda mai kallon gabas inda rana za ta taɓa ta da hantsi ta bar ta, ko ƙarƙashin dogon yaro inda haske ke tacewa ta cikin ganye. Kada ki kai ta tsakar gida kai tsaye, farin ba shi da kariya, shi rana ke fara ƙonawa, ya koma kamar takardar da ta sha wuta. Ki jira sababbin ganye uku ko huɗu ki gani. Tsofaffin da suka riga suka fito kore haka za su zauna.

Akwai kuma wanda reshe guda ne ya juya gaba ɗaya, ganyensa manya, kore shar, yana gudu ya fi 'yan'uwansa, karansa ma babu ziri. Wannan farin ya fita daga idonsa, haske ba zai dawo da shi ba, taki ma haka. Ki bi reshen baya har ki iso ganyen ƙarshe mai ratsi mai kyau, ki yanke a saman gaɓarsa, domin idon wannan gaɓar ya farka. Nan ne mutane ke jin tausayi, su ce ai reshen lafiyayye ne. Lafiyar tasa ce matsalar, shi ke janye abincin, cikin damina ɗaya zai rufe sauran. Na taɓa barin irinsa a jikin wata bogambiliya mai ratsin ganye da ke bakin ƙofata, ina cewa gobe, gobe. Yau in kika zo gidan sai na nuna miki ɗan reshen da ya rage a ƙasa kafin ki yarda mai ratsi ce. Haka reshen da ya juya fari zalla, shi ma a rage shi, sai dai shi ba ya mamaye kowa, kansa yake ci.

Taki kuma da sauƙi-sauƙi. Wata shekara na ga buhun yuriya da aka ajiye don gona, na ɗebi cikin hannu na barbaɗa wa tukwanena. Wasu suka ƙone, waɗanda suka tsira suka yi ta zuba ganye kore kamar alayyafo. Tun daga nan ruɓaɓɓen takin gida da ya shekara nake sawa, cokali biyu a saman tukunya a farkon damina, shi ke nan. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Ba duk mai launi ne ke da wannan rigimar ba, kada in tsorata ki. Koliyas, mai ganye ja da kore kamar atamfa, launinta a jininta yake, ki tsinke kai ki sa a ruwa, cikin mako ɗaya ta yi saiwa da launinta cif. Agilonima da difenbakiya, fulawoyin ɗaki masu faffaɗan ganye mai zane-zane, su ma yawancinsu zanensu na bin su duk inda aka yanka. Mai kama da ciyawa da ke sako 'ya'ya a bakin dogon zare, ki ɗora ɗan a kan ƙasa ya kama sannan ki yanke zaren, ratsinsa na nan. Kuroton, mai kaurin ganye ja da rawaya da kore, shi kuma akasin fotos ne, rana yake so, in kika ɓoye shi a inuwa ja da rawayan su gudu. Reshensa a yashi ake sokawa da leda a kai, yana ɗaukar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ki rage masa ganye kafin nan. Sai dai ki kula, difenbakiya da fotos duk suna da wani abu a ruwan jikinsu da ke ƙona baki ya kumbura harshe, difenbakiya ta fi muni. In akwai mai rarrafe a gidan ki ɗaga su sama, ki kuma wanke hannu bayan yanka. Farin ruwan kuroton ma yana sa ƙaiƙayi, kuma in ya ɗiga a zane tabon ba ya fita da daɗi.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma na san za ki ci karo da shi: masu tallan ƙwayar irin monstera mai farin ratsi, fulawar nan mai manyan ganye masu tsage-tsage, a intanet, wai ki shuka ƙwaya ki samu irin ta hoto. Ki riƙe kuɗinki. Irin wannan ratsin ba ya bin ƙwaya, shi ya sa masu ita ke sayar da gaɓa ɗaya-ɗaya da tsada. In za ki sayi gaɓar, ki ce a ɗauko miki hoton karan ta wajen idon, na ganyen ba zai gaya miki komai ba.

Da hunturu ya shigo, bakin farin ganyen zai riƙa bushewa ya yi ruwan ƙasa, busasshiyar iska ce, ba cuta ba. Ki tara tukwanen wuri guda a lungun da iska ba ta bugawa, ki riƙa goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma duk mako, sama da ƙasan ganyen, don ƙura na tare hasken da ɗan koren ke buƙata, kuma a ƙarƙashinta ne wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙar gizo ke ɓuya. Ruwan ban shuka kuwa a rage, sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe.

Su kuma korayen 'ya'yan modar da kika samu, kada ki zubar, ki jera su a bakin zaure, sun ma fi uwarsu juriya. Abin da nake so in sani shi ne ko gindin uwar na nan a tukunya bayan kin yanke ganyen. In yana nan, ki bar shi, ki daina yawan ba shi ruwa, zai turo sabon ɗa daga ƙasa da bakinsa rawaya. Fotos ɗin kuma ki turo min hoton karanta a kusa, in nuna miki gaɓar da za ki yanka.